Kogi da Rafukansa: Darasi a kan Urdun da Kwara

Abin karantawa: Joshuwa 3:1–17, Joshuwa 22:10–34, 2 Sarakuna 5:1–14, Ezekiyel 47:1–12.

Ayar haddacewa: Yohanna 7:38.

Nufin darasi: Mu san yadda Kogin Urdun yake kwance a ƙasarsa, mu gwada shi da kogin ƙasarmu, domin labarun Littafi Mai Tsarki su fito mana a fili, mu kuma ga abin da Allah yake koya wa ekklesiyarsa ta wurin ruwa.

Ga malamin aji: Kafin jama'a su taru, ka zāna taswira biyu a kan allo, ko kuwa a ƙasa da tsinke, ɗaya ta Kwara, ɗaya ta Urdun. Idan akwai masunci ko mai fito a cikin aji, ka ba shi dama ya faɗi abin da ya sani, gama ya fi ka sanin halin ruwa.

GABATARWA

Sunan Kogin Urdun yana fitowa sau da yawa a cikin Littafi Mai Tsarki. Kwarinsa ne Lutu ya hango ya zaɓa sa'anda suka rabu da Ibrahim. Shi Isra'ilawa suka haye a zamanin Joshuwa. A cikinsa Na'aman ya warke daga kuturta, a cikinsa kuma Yohanna ya yi wa Ubangijinmu baftisma. Duk da haka da yawa daga cikinmu muna karanta sunan ne kawai. Ba mu san daga ina kogin ya taso ba, ba mu san inda ya nufa ba, balle rafukan da suke ba shi ruwa. Wanda kuwa bai san kwanciyar ƙasa ba, abubuwa da dama a cikin labarin sukan wuce shi.

Mu mutanen ƙasar Kontagora muna da taimako kusa, gama Allah ya zaunar da mu a tsakanin koguna. Abin da muka sani na ruwan ƙasarmu shi zai buɗe mana ido a kan ruwan ƙasar Kan'ana. Saboda haka za mu fara daga gida, sa'an nan mu tafi Urdun.

1. YADDA KOGI YAKE SAMUWA

Babu kogin da yake farawa da girma. Ruwan sama yakan sauka a kan tudu, ya gangara cikin kwazazzabo, ya zama ƙorama. Ƙoramu su haɗu su zama rafi, rafuka su zuba cikin kogi, kogi kuma ya kai ruwan teku. Inda ruwan ya fara fitowa shi ne mafarin kogi. Inda ruwa biyu suka gamu shi ne mahaɗa. Inda babu zurfi, har mutum da dabba su iya hayewa da ƙafa, shi ne mashigi. Ƙasar da ruwa yakan malale a kanta da damina, ya bar mata laima da taki, ita ce fadama. Ku riƙe waɗannan kalmomi, gama za mu sake gamuwa da su.

Garin Kontagora yana bakin kogin da ake kira da sunansa. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa garin a shekara ta 1864. Bisa ga labarin da dattawa suke bayarwa, da suka iso bakin ruwan sai ya umarci mutanensa su kwantar da gorunansu, watau a nan za a zauna, daga nan ne sunan ya samo asali. Kogin Kontagora yana gangarawa kudu maso yamma, ya ratsa wajen Auna, ya bi gefen dajin Zugurma, ya zuba cikin Kwara a ƙasa da madatsar ruwa ta Kainji, kafin a kai Jebba. A arewa akwai Kogin Malendo, wanda yake nufar yamma ya faɗa cikin Tafkin Kainji. A gabas kuma akwai Kogin Mariga, wanda matafiyi yakan haye a kan hanyar Tegina. Shi Mariga ba ya zuwa Kwara kai tsaye. Yakan zuba cikin Kogin Kaduna tukuna, Kogin Kaduna ya ɗauki ruwan ya kai shi Kwara a Muregi, daura da Pategi.

Ku lura da wannan. Hadari ɗaya yakan zubar da ruwa a kan tudun da yake tsakanin Kontagora da Mariga. Wani ruwan ya nufi yamma, wani ya nufi gabas, kowanne ya kama hanyarsa. Mai kallo zai ce sun rabu ke nan har abada. Amma bayan tafiya mai nisa sai su sake gamuwa a Muregi, su tafi teku tare.

2. KOGIN KWARA DA RAFUKANSA

Tsawon Kogin Kwara ya kai wajen kilomita 4,180. Shi ne na uku a tsawo cikin Afirka, bayan Nilu da Kwango. Mafarinsa yana cikin tuddan ƙasar Gini, wajen kilomita 240 kaɗai daga Tekun Atlantika. Amma maimakon ya bi gajeriyar hanya, sai ya ba teku baya, ya nufi arewa maso gabas zuwa bakin hamada. Ya wuce Bamako da Segu, ya karɓi Kogin Bani a Mopti, ya bazu cikin wata babbar fadama a ƙasar Mali, ya bi kusa da Tumbutu. Daga can ya karkato kudu maso gabas, ya wuce Gawo, da Yamai, da Gaya, ya shigo Nijeriya ta ƙasar Kebbi.

A nan ya karɓi Gulbin Kebbi, wanda yake ɗauke da ruwan Sakkwato, da Rima, da Zamfara, da Gulbin Ka. Ya wuce Yawuri, ya shiga Tafkin Kainji. Bayan Jebba ya karɓi Kogin Kaduna, mai tsawon wajen kilomita 550, wanda ya taso daga tuddan Jos. A Lakwaja ya gamu da babban abokinsa, Kogin Binuwai, wanda ya taso daga duwatsun Adamawa a Kamaru. Daga nan suka nufi kudu tare, har ruwan ya rarrabu cikin hanyoyi da yawa ya shiga teku.

Shekaru da yawa Turawa suna gardama a kan inda wannan kogi ya ƙare. Mungo Park ya rasa ransa a ruwan Busa a shekara ta 1806 yana neman amsar. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi shi da jirgin ruwa daga ƙasar Busa da Yawuri har teku. An gama gina madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe tsohuwar Busa, aka ta da fiye da mutum 40,000 aka sāke musu mazauni. Madatsar Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro a kan Kogin Kaduna kuma a 1990.

Akwai wani abin mamaki game da Kwara wanda masunta suka sani tun dā. A wajen Yawuri da Kainji kogin yakan cika sau biyu a shekara. Cikowa ta fari takan zo da damina, ta kai ƙarfinta wajen Satumba. Ruwanta gurɓatacce ne, fari-fari, domin ruwan saman ƙasashenmu ne yake kwaso laka. Cikowa ta biyu takan fara wajen Disamba, ta kai ƙarfinta wajen Fabrairu, sa'anda ko ɗigon ruwan sama babu, hunturu yana busawa, rafukanmu sun zama yashi. Ruwanta garau yake, har yakan yi duhu don zurfi. Daga ina ya fito? Ruwan sama ne wanda ya sauka a Gini da damina, babbar fadamar Mali ta riƙe shi watanni, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso wurinmu da rani.

3. KOGIN URDUN DA RAFUKANSA

Idan aka gwada Urdun da Kwara, ƙaramin kogi ne ƙwarai. Tsawonsa wajen kilomita 250 ne, watau ko rabin Kogin Kaduna bai kai ba. A zamanin dā faɗinsa a wajen Yariko bai wuce kamar mita 30 ba, sai ko lokacin cikowa. Ma'anar sunansa da Ibrananci ita ce mai gangarawa, sunan kuwa ya dace da shi.

Mafarinsa yana gindin Dutsen Harmon, mai tsayin mita 2,814, wanda dusar ƙanƙara takan rufe kansa lokacin sanyi. Manyan rafuka uku ne suka haife shi. Na fari shi ne Dan, wanda ya fi ruwa, kusa da garin da yake iyakar Isra'ila ta arewa a zamanin sarakuna. Na biyu shi ne Baniyas, wanda yake ɓuɓɓugowa daga gindin dutse a wurin da Linjila take kira Kaisariya Filibi, inda Bitrus ya shaida ko wane ne Yesu (Matta 16). Na uku shi ne Hasbani, wanda ya gangaro daga Lebanon. Suna haɗuwa a kwarin Hula, inda a dā akwai tafki da fadama, amma an janye ruwan tsakanin 1951 da 1958. Daga Hula kogin yakan gangara da gudu, fiye da mita 250 cikin tafiyar kilomita 16, ya shiga Tekun Galili. Wannan tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kilomita 21, faɗinsa 13, yana kuwa wajen mita 210 ƙasa da fuskar babban teku.

Daga Galili zuwa Tekun Gishiri tafiyar wajen kilomita 105 ce a miƙe, amma kogin yana murɗe-murɗe kamar maciji, har tsawon ya kusan ninkawa. Daga gabas yana karɓar Yarmuk, babba cikin rafukansa duka, wanda Littafi Mai Tsarki bai ambaci sunansa ba. Sa'an nan ya karɓi Yabbok, wanda ake kira Zarƙa a yau, mai tasowa daga wajen Amman, Rabba ta Ammonawa. A mashiginsa ne Yakubu ya kwana yana kokawa, ya fito da sabon suna (Farawa 32). Rafin Kerit, inda Iliya ya ɓuya har ruwan ya ƙafe, shi ma yana gabas (1 Sarakuna 17). Daga yamma akwai rafin Harod, inda aka tace rundunar Gidiyon ta koma mutum 300 (Alƙalawa 7), da kwaruruka waɗanda ba su da ruwa sai lokacin ruwan sama. A gefen kogin akwai kurmi mai duhu, wanda annabi Irmiya ya ambata, inda zakoki suke zama a dā.

Urdun ba ya kaiwa babban teku. Yana ƙarewa a Tekun Gishiri, wanda yake fiye da mita 430 ƙasa da fuskar babban teku, wuri mafi ƙasa a doron duniya. Ruwan ba shi da mafita sai dai rana ta shanye shi, gishiri ya rage. Gishirinsa ya ninka na babban teku wajen sau goma, kifi ba ya rayuwa a ciki.

4. ABIN DA KOGI YAKE KOYA MANA

(a) Ruwa mai zuwa daga nesa

Joshuwa 3:15 ya nuna mana cewa lokacin girbi ne Isra'ilawa suka haye, sa'anda Urdun ya cika ya tumbatsa. Wannan yakan dami mai karatu na ƙasarmu, gama a wurinmu da kaka ruwa ja da baya yake yi. Amma a ƙasar Kan'ana da lokacin sanyi ake ruwan sama. Girbin sha'ir yakan faɗo wajen Maris da Afrilu, daidai da bazararmu, a lokacin kuwa dusar ƙanƙara ta Harmon tana narkewa. Mutumin Yariko yana cikin zafi, sama garau, amma kogi yana tasowa da ruwan da ya sauka can arewa tun watannin baya. Masuncin Yawuri ba zai yi mamakin wannan ba.

Allah ya kawo jama'arsa bakin kogi a lokacin da ya fi wuyar hayewa, sa'anda mashigai duka suka nutse, domin kada kowa ya ce da dabararsa ya haye. Firistoci masu ɗauke da akwatin alkawari sai da suka sa ƙafa cikin ruwa tukuna, sa'an nan ruwan ya tsaya can nesa a garin Adam, kusa da mahaɗar Yabbok. Daga inda suke tsaye ba su iya ganin wurin da Allah ya tare ruwan. Abin da aka ba su shi ne umarni, suka kuwa bi.

Bishara ma haka ta iso ƙasarmu, kamar ruwan Gini. A 1841 Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön suka hau Kwara da jirgin ruwa, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikin abokan tafiyarsu, aikin ya zama kamar ya lalace. Amma Schön ya duƙufa ga koyon Hausa. A 1857 jirgin da Crowther yake ciki ya bugi dutse ya fashe kusa da Jebba. A 1902 aka kafa tashar mishan a Pategi, a 1905 A. W. Banfield ya fara aiki a Tsonga, daga baya aikin ya hau zuwa Jebba, da Mokwa, da Salka, da Zuru. Littafi Mai Tsarki dukansa bai fito da Hausa ba sai a 1932, shekara 91 bayan tafiya ta fari. Waɗanda suka fara duk sun riga sun mutu. Kai mai bishara da ka shekara goma a ƙauye ba ka ga ko mutum biyar ba, ke uwa da kike yi wa ɗanki addu'a shekara da shekaru, kada ku karaya. Ruwan da ya tsaya a fadama bai ɓace ba.

(b) Kada a raina ƙaramin rafi

Na'aman sarkin yaƙin Suriya ya yi fushi da aka aike shi Urdun. Ya gwada shi da Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu masu ruwa garau, ya ga Urdun ba kome ba ne. Bisa ga ido, gaskiya gare shi. Wanda ya san Kwara a Lakwaja, shi ma da ya ga Urdun sai ya yi dariya. Amma warkarwa tana cikin biyayya ga maganar Allah, girman kogi bai shiga lissafi ba. Ku duba kuma ta bakin wa taimako ya zo. Wata ƙaramar yarinya ce, baiwa, wadda ko sunanta ba a rubuta ba, ta fara ba da labarin annabi. Barorinsa ne kuma suka lallashe shi ya sauka cikin ruwa. Da babu su, da babban mutum ya koma gida da kuturtarsa.

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Haka nan kuma, idan aka tare rafuka, kogi yakan mutu. Wannan ya sami Urdun a zamaninmu. Tun 1964 Isra'ila take jan ruwa daga Tekun Galili, ƙasar Jodan ta haƙa babbar hanyar ruwa daga Yarmuk, Siriya kuma ta gina madatsu a kansa. Kowace ƙasa tana da bukata ta gaske, amma abin da yake isa Tekun Gishiri yanzu bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba, tekun kuma yana ja da baya wajen mita ɗaya kowace shekara. Ba wanda ya tare babban kogin a rana ɗaya. Daga sama aka riƙa rage shi, kaɗan kaɗan.

Ekklesiyar gari mai babban gini da mawaƙa da yawa ta tambayi kanta daga ina mutanenta suka fito. Yawancinsu a ƙananan majami'u na ƙauye aka koya musu karatu da addu'a, a ƙarƙashin jinka, ta hannun mai bishara wanda albashinsa bai isa ya ciyar da iyalinsa ba. Idan muka ɗauke kowane ma'aikaci mai ƙwazo muka kawo gari, muka bar ƙauye ba malami, ba littafi, ba mai ziyara, to muna tare rafukanmu da hannunmu. Ba za a ga hasarar bana ba, amma 'ya'yanmu za su gani.

(c) Kogi iyaka ne ko hanya?

Kabilar Ra'ubainu, da ta Gad, da rabin Manassa sun sami gādonsu a gabashin Urdun. Da aka gama yaƙi suna komawa gida, suka gina babban bagade a bakin kogi. Sauran kabilai suka ji, suka ɗauka tawaye ne, suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Amma kafin a zare takobi aka aiki Finehas ɗan Ele'azara firist tare da shugabanni goma su je su tambaya. Amsar da suka samu abin tausayi ce. Mutanen gabas tsoro suke ji kada wata rana 'ya'yan mutanen yamma su nuna kogin, su ce da 'ya'yansu ga iyaka, ba ku da rabo a cikin Ubangiji. Bagaden shaida ce kawai, ba wurin hadaya ba. Tambaya ɗaya ta hana zubar da jini.

A Alƙalawa 12 kuwa ba a yi tambaya irin wannan ba. Mutanen Gileyad suka tsare mashigan Urdun, duk wanda ya zo hayewa su sa shi ya faɗi kalmar shibbolet. Mutumin Ifraimu ba ya iya fitar da harafin fari daidai, da ya buɗe baki sai a gane shi a kashe shi. Mutum 42,000 suka hallaka a wannan rikici, dukansu zuriyar Yakubu. Ɗaya daga cikin ma'anonin kalmar kuwa ita ce ruwa mai gudu.

'Yan'uwa, wannan magana tana kusa da mu. A majami'unmu akwai Kambari, da Dukawa, da Lelna na ƙasar Zuru, da Kamuku, da Gbagyi, da Nufawa, da Gungawa, da Hausawa, da Fulani, da baƙi daga kudu. Da Hausa muke sujada tare, amma kowa da karin harshensa. Sa'anda ake zaɓen dattawa, sa'anda saurayi ya zo neman aure, sa'anda wani ya tashi ya yi addu'a Hausarsa tana karkacewa, me muke saurarawa? A cikin shekarun nan rashin tsaro ya kori mutane da yawa daga ƙauyukan Mariga, da Rijau, da Magama, da Mashegu, suka shigo gari ba gona, ba rumbu. Waɗansu suna zama a bayan majami'a mako da mako, ba wanda ya tambayi sunansu. Tsoron da ya kama mutanen gabashin Urdun shi ne yake zuciyarsu. Mu ne za mu kawar musu da shi, da abinci, da wurin kwana, da ba su aiki a cikin ekklesiya. Maƙwabtanmu Musulmi waɗanda wannan masifa ta kora, su ma hakkin maƙwabtaka yana kanmu. A ƙasa da Muregi ba mai iya ɗiban ruwa ya ce wannan na Mariga ne, wannan na Kontagora.

(d) Ruwa yana da ƙarfi

Ubangijinmu ya ba da misalin magina biyu a Matta 7. Masu jinsa sun san kwaruruka busassu waɗanda sukan cika cikin sa'a ɗaya. Mu ma mun sani. A ran 29 ga Mayu, 2025, bayan ruwan sama na dare, ambaliya ta ratsa Mokwa ta hallaka fiye da mutum 150. Hatsarin jiragen ruwa kuma ya sha cin rayuka a Kwara da Kogin Kaduna. Ba daidai ba ne mu ce waɗanda abin ya shafa sun fi mu zunubi, Luka 13 ya hana mu wannan. Abin da ya wajaba shi ne mu yi kuka tare da masu kuka, mu kuma yi hankali. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa, kada a zuba shara a magudana, kada a sare itatuwan bakin rafi, kada a cika jirgi fiye da kima ko a yi fito da dare. Kiyaye rai aikin mai bi ne.

5. KOGIN DA BA SHI DA RAFUKA

Kowane misali yana da iyakarsa, na kogi ma haka. Kada wani ya ɗauka cewa ran ekklesiya tarin ƙoƙarinmu ne. Ezekiyel 47 ya gyara mana wannan tunani. Annabin ya ga ruwa kaɗan yana fitowa daga ƙarƙashin ƙofar Haikali, ya nufi gabas. Aka auna kamu dubu, ruwan ya kai idon sawu. Aka ƙara dubu, ya kai gwiwa. Aka ƙara dubu, ya kai kwankwaso. A awo na huɗu sai iyo. Duka tafiyar wajen kilomita biyu ce, ba a kuwa ambaci ko rafi ɗaya da ya zuba a ciki ba. Duk kogunan da muka bincika a yau da taimakon rafuka suke girma. Wannan kaɗai daga mafarinsa yake samun dukan ƙaruwarsa, gama daga wurin Allah ya fito.

Ku duba kuma inda ya nufa. Tekun Gishiri ya nufa, wurin da Urdun ya yi dubban shekaru yana zuba ruwan daɗi bai iya gyara shi ba. Da wannan kogi ya isa, ruwan ya warke, kifi ya yi yawa, masunta suka shanya tarunansu, itatuwa masu 'ya'ya suka tsiro a gaɓa biyu. A Yohanna 7:37–39 Yesu ya kira masu ƙishi su zo wurinsa, manzon kuma ya bayyana mana cewa Ruhu Mai Tsarki yake nufi. Littafin Ru'ya ta Yohanna, sura 22, ya nuna mana kogin a cikin sabon birni. Saboda haka babu zuciya, babu gida, babu ƙauyen da za mu ce ya mutu har ya fi ƙarfin wannan ruwa. Amma sai wanda ya zo ya sha ne zai iya shayar da wani.

TAMBAYOYI

1. Faɗi rafuka uku da suka haifi Urdun, da biyu da suke zuba a cikinsa daga gabas.
2. Ruwan da ya sauka a ƙauyenku, ta wace hanya yake bi har ya kai Kwara?
3. Don me Urdun yakan cika lokacin girbi? Ina kamanninsa da Kwara?
4. Su wane ne ƙanana a labarin Na'aman, me kuma suka yi?
5. Me Finehas ya yi wanda mutanen Gileyad da Ifraimu ba su yi ba?
6. Wace kalma ko al'ada muke gwada mutane da ita a ekklesiyarmu?
7. Da me kogin Ezekiyel ya bambanta da sauran koguna?

AIKIN WANNAN MAKO

Kowane ɗan aji ya ziyarci gida ɗaya na wanda ba kabilarsa ba ne, ko na wanda ya yi gudun hijira, ya koyi gaisuwa da harshensu. Aji kuma ya zaɓi ƙaramar majami'a ɗaya ta ƙauye, ya shirya abin da zai aika mata kafin ƙarshen wata.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, kai da ka shata wa kowane kogi hanyarsa, mun gode maka domin ruwan ƙasarmu, da waɗanda suka kawo mana Maganarka daga nesa. Ka gafarta mana inda muka raina ƙanana, inda muka mai da harshe da kabila iyaka a tsakanin 'ya'yanka. Ka ta'azantar da waɗanda ruwa ya cinye nasu, da waɗanda aka kora daga gidajensu. Ka ba ƙasarmu salama. Ka shayar da mu da Ruhunka, domin maƙwabtanmu su sami albarka ta wurinmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.